Ranar da Dikko Ya Kai San Goggo Intanet

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa caji shagon Dikko a Yako, to mabiyin Dikko ne a intanet, ko ya sani ko bai sani ba. Za ka miƙa masa waya ka wuce gona, kafin ka dawo ya cika maka batir, ya kuma shiga da sunanka ya bi kansa. Abin bai yi masa wuya ba, don shi ya sa wa rabin garin lambar sirri, kuma iri ɗaya ya sa wa kowa saboda kada ya manta. Da haka ya tara jama'ar da yake taƙama da ita. A cikin mabiyan nasa har da Liman, har da wata tsohuwa mai daddawa da jikanta ya aiko mata waya daga Kano, ba ta ma san inda ake kunna ta ba.

Ni Mujitaba, shagon ɗinkina yana jikin nasa, langa-langa ɗaya ce ta raba mu. Saboda haka duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko kuwa ya shigo kunnena ba da izinina ba.

Sunan shafinsa Dikko Dijital. Kullum da hantsi zai fito da benci ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya fara yi wa masu jiran caji wa'azin zamani.

"Ni fa jikina ne kawai a Yako," in ji shi. "Duniya ta koma tafin hannu, ku kuna nan kuna neman ta a kan babur."

Wata rana, Babbar Sallah ta matso, sai ga Malam Jibrin dillalin shanu ya kawo 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda ya ɗaure bayanta da kyauro. Dikko ya karɓe ta da yatsu biyu kamar an miƙo masa mataccen ɓera.

"Baba Jibrin, sana'arku fa ta kusa mutuwa. Ina tausaya muku."

"Allah ya ji ƙanta. Me zai kashe ta?"

"Intanet. Yanzu mutum yana kwance a Abuja zai ga sa, ya danna, ya saya. Ba zuwa kasuwar kara, ba rana, ba dillali."

"To, madalla. Wayar tana buɗe bakin sa ta duba haƙori?"

"Ana zuƙo hoton."

"Tana taɓa tozo?"

"Baba, an wuce zamanin taɓe-taɓe."

"Ai shi ke nan," in ji Malam Jibrin. "In ta cika ka ajiye min, ina dawowa daga masallaci."

Wannan rashin musun shi ya fi ƙona wa Dikko rai. Ya miƙe tsaye, ya ce wa duk wanda ke kan benci ya zama shaida: bana shi zai sayar da san Goggo Suwaiba, ba tare da san ya taka kasuwar Tudun Wada ba, kuma daga ranar dillalai su nemi wata sana'ar. Ni dai na tsayar da keke na leƙo, don in tabbatar sunan da na ji shi ya faɗa.

Goggo Suwaiba ƙanwar mahaifin Dikko ce, kuma uwar Raihana, yarinyar da aka sa musu rana da shi bayan Sallah. Kowace shekara tana turke sa guda a bayan ɗakinta, cikin zana ruɓi biyu, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da kanwa. Ba mai ganinsa sai ita da 'yarta. Ranar kasuwa ma kafin gari ya waye Malam Jibrin yake fitar da shi. Dalili kuwa baki. Tun shekarar da wata maƙwabciya ta leƙa ta ce "kai, wannan ai giwa ce", ba ta ce tubarkalla ba, washegari san ya zame ya karye, Goggo ta rufe ƙofar kallo. Kowane sa ta turke sunansa Ramamme. In ka tambaye ta, "Goggo, yaya sa?" sai ta yi tagumi ta ce, "Yana nan dai, ƙashi da rai."

Na bana kuwa ba sa ba ne kawai. Shi ne gado, shi ne katifa, shi ne kujeru da kwanukan jeren Raihana. Kowa a Yako ya san in babu Ramamme babu biki.

Dikko ya jira har ranar da Goggo ta tafi suna Doguwa za ta kwana, Raihana kuma ta tafi Islamiyya inda take koyarwa. Ya shiga gidan da sallamar ɗan gida, ya ɗage zana. Abin da ya faru a ciki daga baya muka ji shi, kuma daga bakinsa, yadda za ku gani. Ya jingina waya a kan turmi ya kunna ɗauka. Ya wanke Ramamme da garin sabulu, ya goge shi da tawul, ya shafe ƙahonnin da basilin har suna ɗaukar ido. Sannan ya tuna wani bidiyo da ya taɓa gani, na wani Bature yana ba shanu wani abu mai kumfa a cikin bokiti. Dikko bai ji yaren ba, amma ya gane da basirarsa cewa yis ne, irin wanda ke kumbura burodi. In yana kumbura burodi, me zai hana shi kumbura sa? Ya kwaɓa garin masara cike da daro, ya zuba sukari, ya juye yis ɗin da ya samo a gidan burodi, ya ajiye a rana har ya taso. Ramamme, da bai taɓa ganin irin wannan gata ba, ya shanye tas ya lashe daron.

Dikko ya yanko ƙarshen bidiyon, inda san yake tsaye yana sheƙi, ya ɗora kiɗa, ya sa shi a shafinsa, ya rubuta a ƙasa: na sayarwa ne, ba dillali.

Gaskiya a faɗe ta, bidiyon ya tafi. Ba don Dikko ba, don san ne. Ni kaina da na gani sai da na ajiye almakashi. Kafin la'asar mutanen da ba su taɓa jin sunan Yako ba suna ta rubutu a ƙasa. Dikko ya tsaya a ƙofar shago yana karanta mana da ƙarfi.

"Wannan ya ce, sa ne ko giwa? Wannan ya ce, kai, kai, kai! Wannan ya sa hoton wuta. Wannan ma wuta."

"Mai saye fa?" in ji Abdulganiyu direba, wanda ke jiran cajin wayar matarsa.

"Suna tafe. Ga wani ma ya ce in taimaka masa da shi saboda Allah, maraya ne."

"Wannan ai ba ciniki ba ne."

"Ga wani ya ce haɗin kwamfuta ne, babu sa irin wannan a duniya." Nan Dikko ya ɓata rai. "Ka ji jahili. Sa na wanke shi da hannuna!"

Bencin ya rabu biyu. Wasu suka ce komai na cikin waya ƙarya ne, har da mutanen. Wasu suka ce a'a, akwai na gaske, sai dai ba su da aikin yi. Wani ya ce shi tunda ya ga bidiyon akuya tana tuƙa mota ya daina musu da kowa. Dikko ya dube su duka da tausayi. Babu wanda ya lura cewa a cikin duk rubutun nan ba a sami mutum ɗaya da ya ce tubarkalla ba.

Goggo Suwaiba a mota ta samu labari. Washegari tana dawowa, ta sauya mota a Kwanar Dangora, sai wata budurwa da ke kusa da ita ta miƙo mata waya.

"Baba, kin ga wani sa kuwa? Duk duniya shi ake kallo."

Goggo ta kalla. Ta ga zanarta. Ta ga igiyar shanyarta, da zanenta na atamfa a kai. Ta mayar wa yarinyar waya, ta ce, "Allah ya yi miki albarka."

Ta tarar da Raihana tsaye a kan Ramamme tana hawaye. Cikinsa ya kumbura ta hagu kamar ganga, ya daina tuƙa, ya ƙi ko sansana dusa, sai nishi yake yana dilalar da yawu.

Ina cikin kafa wuyan riga na ga ta taho, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Masu jiran caji suka matsa mata ba tare da an ce su matsa ba.

"Goggo, sannu da dawowa. Ya mai jego?" Dikko ya durƙusa.

"Lafiya lau. Mutum nawa ka nuna wa sana?"

"Ai Goggo ba a ƙirga su da baki. Dubbai ne. Har ƙasashen waje."

"A cikinsu wa ya ce tubarkalla?"

Dikko ya ja allo sama, ya ja ƙasa. "Akwai dai masu hoton wuta."

"Wuta." Goggo ta gyaɗa kai. "Ni mace ɗaya ta leƙa min ta karya min sa. Kai ka tara min duniya, har da wuta. To ga shi can ya kumbura."

"Goggo, a kimiyyance baki ba ya bin waya. Ba shi da hanyar shiga."

"Hoton ta ina ya fita?"

"Ta iska."

"To ta nan bakin ya shigo." Ta gyara ɗaurin mayafi. "Ka saurare ni, ɗan yayana. Duk wanda ya kalli san nan, ka bi shi ya ce tubarkalla. In Ramamme ya faɗi, ka je intanet ɗin su ba ka mata."

Ta juya ta tafi. Dikko ya tashi ya kakkaɓe gwiwa, ya ce mana wannan ƙaramin aiki ne, abin da ake kira sarrafa jama'a. Zancen yis kuwa bai ko zo masa a rai ba. A wurinsa abin da Bature ya yi ba ya zama laifi.

Ya fara da roƙo. Ya ɗauki kansa a bidiyo, ya ce don Allah duk wanda ya kalli san jiya ya dawo ya rubuta tubarkalla. Jama'a suka dawo, amma ba da ita ba. Wani ya ce a turo masa data tukuna. Wani ya ce jiya giwa, yau kuma mara lafiya, ai dama ya faɗa haɗin kwamfuta ne. Sai wasu mutum biyu, ɗaya a Zariya ɗaya a Gombe, suka kama gardama kan ko kambun baka yana ratsa gilashi, suka yi ta jawo hujja har suka koma zagin iyayen juna. Maraya ya dawo ya ce in san ya mutu a taimaka masa da fatar.

Da azahar ta yi, Dikko ya rufe ƙofar shago rabi, ya sauko da wayoyin mutane daga kan allon caji, ya jera su a tabarma. Ta ramin langa-langa nake kallonsa. Ya ɗauki wannan ya rubuta tubarkalla, ya ajiye, ya ɗauki waccan. Don abin ya yi armashi, kowace tubarkalla sai ya bi ta da hoton jar zuciya.

Ba a jima ba sai ga Abdulganiyu direba, ya bar mota a kunne a bakin titi.

"Dikko, fito. Me ke tsakaninka da matata?"

"Subhanallahi! Wace irin magana ce wannan?"

"Ƙanwata ta kira ni daga Bebeji, ta ce Zahra'u ta aika maka zuciya a gaban duniya."

"Ai ba ni ta aika wa ba, sa ta aika wa."

"Sa? Matar tawa?"

"Ba ita kaɗai ba ce, ka kwantar da hankalinka. Duba, ga Liman ma ya aika."

Abdulganiyu ya duba. Lallai ga Liman, da rawaninsa a hoto, da jar zuciya. Ga mai daddawa. Ga wani bawan Allah da ya rasu tun da azumi, iyalansa ke amfani da wayar. Abdulganiyu ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓi wayar matarsa da rabin caji, ya ce zai dawo su yi magana in ya sauke fasinja.

Dikko bai karaya ba. Ya ruga gidan Goggo da waya a hannu, ni kuma na bi shi da uzurin gwada wa Raihana ɗinki.

"Goggo, ga su nan. Tubarkalla sun fi a ƙirga."

"Ban ji ba."

"Ai rubutawa suka yi."

"Da yatsa?"

"Da yatsa."

"Baki ne ya kama shi, ka kawo min yatsa?"

"To ai Goggo, su ma masu bakin da yatsa suka rubuta. In yatsa ya isa ya kama, ya isa ya saki."

Na ɗauka ya kama ta. Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɓarna da gyara ba farashinsu ɗaya ba. Yaro ma yana fasa tulu. Ka taɓa ganin yaro ya gina tulu?"

Daga bayan zana Ramamme ya yi wani nishi mai tsawo. Raihana ta fito idanunta jajur, ta ce, "Yaya Dikko, don Allah ka yi wani abu. Ya fara neman kwanciya." A nan ne na ga tsoro ya shiga Dikko da gaske, don duk shirmensa yana son yarinyar nan. Sai dai tsoron Dikko bai taɓa sa shi yin shiru ba, ƙara masa dabara yake yi.

Ya ce an gama. Bayan la'asar zai tara garin nan kaf a ƙofar gida su faɗa da baki, Goggo ta ji da kunnenta, a kuma watsa kai tsaye don na nesa su amsa daga inda suke. Goggo ta ce ba mai shiga ya ga santa. Ya ce ba sai an shiga ba, a talabijin za a nuna shi.

Ya aro babbar talabijin ta gidan kallon ƙwallo, da sifika, da janareto. Ya kwashe bidiyoyin san cikin filas, 'yar na'urar nan da ake soka wa talabijin. Ya bi masallatai ya sanar. Sannan ya shigo shagona ya ce in ba shi farar shaddarsa ta angonci, wadda na yi kwana da kwanaki ina yi wa aiki a wuya da aljihu.

"Ta biki ce fa, Dikko."

"Duniya za ta kalle ni, Tela. Ba a shiga duniya da tsumma."

Bayan la'asar ƙofar gidan Goggo ta cika. Mutanenmu ba sa ƙin taron da ba a biyan kuɗin shiga. Liman ya zo, an ce da tambaya a bakinsa. Malam Jibrin ya zo ya zauna a gefe yana cin goro. Abdulganiyu ya sauke fasinja, ya samu wuri a kusa da janareto. Goggo ta sa kujera 'yar tsugunno a bakin zaure. Dikko ya miƙa wa Raihana babbar wayarsa, ya nuna mata inda za ta tsaya.

"Kai tsaye muke. Ki riƙe ta daidai, ki bi ni duk inda na yi. Ko me ya faru kada ki kashe. Ƙa'idar aikin ke nan."

"To, Yaya Dikko."

Ya ɗauki makirufo ya yi jawabi kan haɗuwar al'ada da fasaha. Ya ce da zarar sa ya bayyana, kowa ya ɗaga murya. Sannan ya danna rimot.

Bidiyo biyu ne a cikin filas ɗin, hotonsu iri ɗaya. Ɗaya gajere, wanda ya yanka ya sa wa kiɗa. Ɗaya dogo.

Abin da ya fara bayyana hancin Dikko ne, ya cika allo. Ya ja baya, ya gyara hula, ya sakace haƙori da tsinke. Jama'a suna jiran sa ya bayyana. Wani daga baya, don kada a bar shi a baya, ya ce, "Tubarkalla."

Sai ga Dikko a allo da daro, yana juya wani abu mai kumfa da muciyar Goggo. Muryarsa ta fito ta sifika, tas, har bakin kasuwa.

"Sha, Ramamme, sha. Wannan shi ake kira yis. Goggo tsohuwa ce, kiwon mutanen da can take maka, dusa dusa kamar kaza. Yau za ka ci abincin Turawa."

Dikko na gaske ya danna rimot. Murya ta ƙaru.

"Ka kumbura min sosai, ka ji? Mu kunyata Baba Jibrin, mai ƙaramar waya. Mutanen Yako kuwa kada ka damu da su, duk wayoyinsu a hannuna suke. Liman ma mabiyina ne, bai sani ba."

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, an amsa min tambayata."

Dikko ya jefar da rimot ya yi wajen janareto. Abdulganiyu ya miƙa ƙafa ya tare hanya.

"Haba Dijital. Ba a katse fim a tsakiya."

Aka kalla har ƙarshe, har inda Ramamme ya lashe daro, Dikko ya sumbace shi a goshi. Babu wanda ya yi dariya tukuna, kowa Goggo yake kallo. Ita kuwa ta kakkaɓe zanenta, ta juya wajen dillali.

"Malam Jibrin, ashe na zargi mutanen duniya a banza. Na gida ne."

"Haka ake yi, Hajiya. A kawo man gyaɗa kwalba guda, da jiƙon kanwa."

Aka shiga aka ɗura wa Ramamme. Malam Jibrin ya leƙo ya ce dole a zaga da shi ya motsa jiki, kuma bayan ɗakin ya yi kaɗan. Goggo ta dubi zanarta. Shekara da shekaru ba a taɓa fitar mata da sa da rana ba. Ta dubi 'yarta, ta ce a ɗage zana.

Ramamme ya fito ta zaure da ƙyar, tozonsa yana gogar bango. Wallahi ko a kumbure abin kallo ne. Garin gaba ɗaya, ba wanda ya ba da umarni, ya ɗauka: "Tubarkalla, masha Allah!" Goggo ta lumshe ido ta ce, "To, wannan na ji."

San ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya ƙi gaba. Malam Jibrin yana ja ta gaba, ya ce ana bukatar mai kama wutsiya ya tura ta baya.

"Mai abincin Turawa ya kama," in ji Goggo.

Dikko ya naɗe hannun shadda, ya kama wutsiya, ya ɗaga, ya sa kafaɗa. Aka yi zagaye ɗaya a fili. A na biyu cikin Ramamme ya yi wata ƙara kamar hadari ya taso daga gabas. Malam Jibrin, da ya san abin da ke tafe, ya matsa gefe duk da yana gaba. Dikko ya ɗago kai ya dubi waya, don ya yi wa masu kallo bayani.

"Jama'a, kamar yadda kuke gani..."

Ba zan bayyana abin da ya biyo baya ba, saboda mutuncin shaddar. Abin da zan ce kawai, daro guda aka zuba, amma abin da ya fito ya fi daro, kuma bai ɓata ko kaɗan a ƙasa ba sai da ya fara biyawa ta kan Dikko. Tun daga hula har takalmi. Aikin wuyan nan da na tsiyaye idona a kansa, ban ƙara ganinsa ba.

"Raihana, kashe! Kashe!"

"Kai ka ce ko me ya faru kada in kashe, Yaya Dikko."

Ta riƙe ta daidai kuwa. Sai a sannan garin ya fashe. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna motsi. Ramamme ya yi ajiyar zuciya, ya dubi jama'a, ya fara tuƙa.

Satin da ya biyo baya Malam Jibrin ya kai shi kasuwar Tudun Wada, da rana tsaka, tunda ba sauran abin ɓoyewa. An ce kara ta watse ta koma kansa, kowa yana son ganin san da ya yi wa mai waya wanka. Aka saye shi da daraja. Dikko ya ce wannan ai tallansa ne ya yi aiki, Malam Jibrin ya ce haka ne, Allah ya ƙara basira.

Hukuncin Goggo a zaure aka yanke shi, gaban iyaye. Ta ce sa ya tashi, don haka aure yana nan. Amma ba za ta kai 'yarta gidan da ake ɗora waya a kan turmi ba. Ko Raihana, ko babbar waya. Dikko ya nemi a ba shi lokaci ya yi tunani, mahaifinsa ya dube shi, tunanin ya ƙare a take. Goggo ta karɓi wayar, ta naɗe ta a tsumma, ta sa a cikin kwalla ta rufe, ta ce zai karɓa ranar da ya yi hankali, ita za ta sanar da shi ranar.

Aka yi biki lafiya, da wata shaddar, ba hoto ko ɗaya daga hannun ango. Mutanen gari kowa ya je an sauya masa lambar sirri, suka fice daga shafinsa. Amma bidiyon wankan ya zaga inda na farko bai je ba, baƙi suka yi ta tururuwa suna bin Dikko Dijital, mabiya na gaske, irin waɗanda ya yi shekaru yana mafarki. Kullum suna rubutu, suna tambayar yaushe zai saki sabo.

Shi kuwa yana nan a kan benci da 'yar ƙaramar waya mai tocila, wadda Malam Jibrin ya taya shi zaɓa. Yana gaya wa masu jiran caji cewa manyan masu kuɗin duniya duk sun koma irinta, shi ya riga su ganewa ne. Sai in wuri ya yi shiru yake leƙowa ta ramin langa-langa, ya rage murya.

"Tela, don Allah duba min a taka. Mabiyan nawa sun kai nawa yanzu?"

Nakan ciro waya in duba, in ga abin da ya tara, in tuna shaddata. Sai in yi tagumi.

"Suna nan dai, Dikko. Ƙashi da rai."